Wayar sifika: ta cikin kwali ko wadda ka yanka da kanka?

A kasuwannin Alaba International da Computer Village ta Ikeja, a Legas, za ka tarar da wayar sifika iri uku: siririya da ke zuwa cikin kwalin rediyon falo mai sifiku biyar, ta kamfani mai filogi ruwan zinariya da aka rubuta wa OFC, wato jan ƙarfen da aka rage wa iskar oksijin, sai kuma wayar lantarki mai laushi da ake yanka maka a mita ka je ka haɗa. Ra'ayinmu shi ne ta ukun, in dai jan ƙarfe ce ta gaskiya, ba ta da abin da za ta ji kunya a gaban ta biyun. Ta farkon kuwa a cire ta.

Aikin wayar sifika ɗaya ne, ta kai wuta daga amfilifaya, na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, zuwa sifika ba tare da ta cinye ta a hanya ba. Abin da ke cinyewar shi ne turjiya, wadda ake aunawa da om, kuma kauri da tsawo ne ke yanke ta. Jan ƙarfe mai kaurin 2.5mm² yana da kimanin om 0.007 a kowace mita, mai 1.5mm² kimanin 0.012. Wutar tana zuwa ta dawo, saboda haka tsawon ninki biyu ake lissafawa. Mita 5 ta 2.5mm² om 0.07 ke nan. Ƙa'idar da masu aikin suka saba bi ita ce kada turjiyar waya ta wuce kashi 5 cikin 100 na ta sifika: om 0.4 ga sifika mai om 8, om 0.2 ga mai om 4. Ka ga 2.5mm² ta wadatar da kowane falo a Agege ko Surulere, har da rara.

Siririyar cikin kwali, wadda sau da yawa ba ta wuce 0.3mm² ba, in ka ja ta mita 10 zuwa sifikun baya, turjiyarta ta kai om 1. A kan sifika mai om 4, kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin ya tafi. Ba raguwar ƙara kaɗai ba ce. Turjiyar sifika tana hawa da sauka gwargwadon amo, don haka wasu sautukan su fito, wasu su nutse, ganga ta yi sanyi. Duk wanda ya canja wannan waya da mai tsada ya ce ya ji bambanci, gaskiya ya faɗa, amma kaurin ya ji, ba sunan kamfanin ba.

Ta kamfani tana da nata alherin: an matse filogin da inji, robar tana lanƙwasuwa, an yi wa kowane ɓangare alama. OFC ɗin da ake tallatawa kuwa, bambancinsa da na wayar lantarki wajen ɗaukar wuta bai fi kashi 1 cikin 100 ba. Kunne ba ya kama wannan.

Babbar matsalar kasuwa ita ce CCA, alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a baya. Turjiyarsa ta fi ta jan ƙarfe da fiye da rabi, silinsa yana karyewa a bakin sukuru, kuma ana samun sa har cikin kwalaye masu ƙyalli. Kafin ka biya, ka ce wa mai shago, "Alhaji, a yanko mini ɗan guntu." Ka kankare sili ɗaya da reza, in ciki ya fito fari, alminiyam ne. Ko ka kunna masa laita: CCA nan take yake lanƙwashewa ya zube, jan ƙarfe kuwa ja yake yi ya tsaya. Ka kuma lura da waya mai roba garai-garai wadda kaurinta duk na roba ne. Wayar kamfanonin gida irin su Coleman da Cutix, da kaurin a rubuce a jikin roba, ta fi zama abin dogaro.

Haɗawar ba wuya. Ka sayi mai sili da yawa, biyu a haɗe, ba mai sanda ɗaya ta cikin bango ba. Ka yanka ta dama da ta hagu kusan tsawo ɗaya, ka feɗe roba santimita 1, ka murɗe silin sosai. Sili ɗaya da ya kauce ya taɓa ɗaya ɓangaren ya isa ya ƙona amfilifaya. Kada ka shafa wa bakin dalma in sukuru za ka ɗaure, domin dalma tana lotsawa a hankali, haɗin ya saki. A Legas filogin ayaba mai milimita 4 da robar da ke tsukewa da zafi sun cancanci kuɗinsu, don danshi da gishirin iskar teku suna sa jan ƙarfen da ke fili ya yi baƙi ko kore. Da ka ga haka, ka yanke bakin ka sake feɗewa.

Ja ya tafi ja, baƙi ya tafi baƙi a sifikun biyu. In ɗaya ta juye, amon ƙasa ya ɓace, muryar mawaƙi ta rasa tsakiya. In alama ta goge, ka ciro wayar daga amfilifaya ka taɓa ta da batir mai volt 1.5: inda takardar sifika ta turo waje, wayar da ke kan + ita ce ja.

Masu kitsa kebul ɗin intanet na Cat5 don yin wayar sifika su yi hattara. Kitsa da yawa yana sa wayar ta riƙa tara caji, wasu amfilifayoyin su yi zafi ba dalili, ga shi yawancin mai arahar CCA ne. Gurnanin da ake ji in an tada janareta kuma ba daga wayar sifika yake ba. Ka duba wayar RCA da ke kawo sauti cikin amfilifaya, ka raba ta da wayar wuta, ka sa a duba wayar ƙasa ta gidan, wato wadda ke haɗa wutar gidan da ƙasa.