Mahujin ƙanƙara na StrikeMaster Lazer: mai inci 6 ya fi dacewa da mai farawa

Wanda zai kama kifi a tafkin da ya daskare, a jihar Minesota ta Amurka ne ko a lardin Ontariyo na Kanada, kafin a zo maganar ƙugiya sai ya fara nemo hanyar da zai kai ga ruwa. Ruwan yana nan ƙarƙashin ƙafarsa, amma ƙanƙara ta rufe shi kamar daɓen siminti. Shi ya sa mahuji, wato abin huda rami a ƙanƙara, shi ne kayan farko da ake saye. A cikin na hannu, ɗaya daga waɗanda aka fi gani a kantunan kayan kamun kifi na arewacin Amurka da Kanada shi ne Lazer na kamfanin StrikeMaster, wanda yake ƙarƙashin Rapala na ƙasar Finland. Hukuncinmu a kansa shi ne ya ci kuɗinsa, muddin ka zaɓi girman da ya dace kuma ka iya riƙon wuƙarsa. In aka rasa ɗaya daga cikin biyun nan, wahala kawai za a sha.

Ƙirarsa ba ta da wani rikici. Sandar ƙarfe ce da aka naɗe da murɗaɗɗen faranti, irin murɗin da ke cikin injin markaɗe, shi ke kwaso garin ƙanƙara yana turo shi sama. A gindinta akwai wuƙaƙe biyu na ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, kowace an ɗaure ta da sukuru. A sama akwai mariƙi mai wurin kamu biyu, kuma ana iya ƙara tsawon mahujin daga inci 48 zuwa 57 gwargwadon tsayin mai aiki da kaurin ƙanƙara. Yana rabuwa gida biyu, don haka yana shiga bayan ƙaramar mota ba tare da an kwantar da kujera ba. Nauyinsa bai kai kilo 4 ba, alhali masu amfani da fetur sun haura kilo 10. Wanda ya taɓa jan kaya kilomita guda a cikin dusar ƙanƙara ya san darajar wannan bambanci.

Sirrin Lazer yana ga lanƙwasar wuƙarsa. Ƙaninsa a wannan kamfani, mai suna Mora, sunan wani gari a Suwidin da ya shahara da ƙirar wuƙa, miƙaƙƙun wuƙaƙe gare shi. Ya fi araha, wuƙarsa ta fi sauƙin washi, amma sai ka ɗan danna masa kafin ya ci. Ta Lazer kuwa da kanta take kama ƙanƙara tana jan kanta ƙasa, tana fere ta kamar ana fere rogo. Idan sabuwa ce, za ka ji wani sauti mai laushi, shuu shuu, garin ƙanƙara fari fat yana tudu a gefen takalminka, kai kuma juyawa kawai kake yi.

Ana sayar da shi daga mai inci 4 har zuwa mai inci 8, kuma a nan mutane suka fi yin kuskure. Mai saye yakan ga inci 2 ne kawai tsakanin 6 da 8, ya ce bari ya ɗauki babba ya huta. Lissafin ba haka yake ba. Ƙanƙarar da za ka yanke tana bin faɗin bakin ramin ne gaba ɗaya: 6 sau 6 ya ba da 36, 8 sau 8 ya ba da 64. Ke nan ramin inci 8 ya kusa ninka aikin na inci 6. A rami ɗaya ba za ka ji ba. A rami na goma sha biyu kafaɗa za ta gaya maka, kuma da zarar mutum ya gaji sai ya daina neman kifi, ya zauna a ramin da babu kome yana jira. Ramin inci 6, wato santimita 15, ya ishi ƙananan kifaye irin su perch da crappie da bluegill, kuma walleye, kifin da ya fi su girma, na daidai ci yana fitowa ta cikinsa lafiya lau. Mai farautar manyan kifin pike, ko manyan walleye irin na tafkin Winnipeg a Kanada, shi ne ke buƙatar inci 8 ko 10, shi kuma gaskiya ba mahujin hannu ya kamata ya saya ba.

Yadda ake huda da shi: share dusar ƙanƙara da ƙafa har ka ga tsantsar ƙanƙara. Cire murfin wuƙa, ka ɗora bakin a hankali, kada ka dangwara shi. Buɗe ƙafafu, ka tsai da sandar cak, ka fara juyawa ba tare da ka ɗora nauyin jikinka ba. Dannawa ba ta ƙara masa sauri, illa ta sa wuƙar ta ci fiye da ƙima ta maƙale. Idan ƙanƙara ta wuce santimita 25, ka ɗago shi sau ɗaya a tsakiyar aiki ka zubar da garin, domin idan ya cushe a cikin murɗin nauyin juyi yakan ƙaru sosai. Dab da fasawa za ka ji sautin ya canza, wuƙar ta ɗan riƙe. A nan ake sassauta hannu a ci gaba da juyawa a hankali har ta ɓulla. Sai ka tura shi ƙasa kaɗan, ka ɗaga ka sauke sau biyu ko uku, ruwa ya wanko garin waje. Ruwan zai malalo a ƙafarka, don haka takalmin da ruwa ba ya shiga dole ne. Abin da ya rage a bakin rami ana kwashe shi da ludayi mai huji-huji irin na tsame ƙosai, kuma kada ka bar gida babu shi, domin a sanyi mai tsanani bakin ramin yana sake kamawa cikin 'yan mintoci.

Kana gamawa ka mayar da murfin wuƙa, ka kwantar da mahujin. Wuƙar nan tana yanka safar hannu da abin da ke cikinta. Kuma kada ka yi rabin rami ka bar shi a tsaye a ciki, kamar yadda ake yawan gani. Ruwan da ke jikinsa zai daskare ya riƙe shi, wurin fizgowa a lanƙwasa gindin.

Aibin Lazer shi ne wuƙarsa ba ta da haƙuri. Yashi ne babban abokin gabarta. Ƙanƙarar da ke kusa da gaɓa, wadda iska ta watsa wa ƙasa, da wadda motoci ke bi suna zubar da yashin titi, rami ɗaya a cikinsu ya isa ya dakusar da sabuwar wuƙa. Haka nan idan ka huda a wuri marar zurfi ka tura shi ya taɓa ƙasan tafki. Na biyu shi ne duka. Mutum ya ga ƙanƙara ta manne a gindin mahuji, sai ya buga shi a ƙasa don ta faɗi. Wuƙaƙen suna zaune ne a kan wata karkata da aka auna a masana'anta, bugu ɗaya mai ƙarfi yana iya canza ta, daga nan ko ka sa sabuwar wuƙa ba zai ci kamar da ba. Na uku, ba ya son tsohon rami. Idan ka ce za ka sake buɗe ramin jiya da ya daskare, lanƙwasassun wuƙaƙen sukan kama gefe su sarƙe. Gara ka matsa taku ɗaya ka yi sabo. Mai bukkar da aka kafa a wuri ɗaya, wanda dole ya riƙa buɗe ramuka iri ɗaya kullum, Mora ya fi masa.

Idan ka ga yana zagayawa a sama yana sulɓi bai ci ba, duba abu uku bi da bi. Ko ƙanƙara ce ta lulluɓe bakin wuƙar, sai a narkar da ita da ɗumin hita ko ruwan zafi. Ko sukuru ne ya saki, sai a ɗaure. In ba waɗannan ba ne, ta dakushe. Kada ka kama ta da magagari, lanƙwasasshiyar wuƙa ba a wasa ta yadda ake wasa adda, yawanci ƙara ɓata ta ake yi. Kai ta wurin masu washin irinta, ka kuma sayi wasu wuƙaƙen guda biyu tun ranar da ka sayi mahujin, ka ajiye su a jaka tare da abin kwance sukurunsu. In an dawo gida a goge wuƙar ta bushe, a shafa mata ɗan mai.

Iyakarsa kauri. Daga farkon daskarewa har ƙanƙara ta kai santimita 30 babu abin da ya kai shi daɗin aiki. Daga 45 zuwa sama aikin ya zama na ƙarfi, kuma a wurare irin Lake of the Woods, wani tafki a kan iyakar Amurka da Kanada, inda ƙarshen hunturu kaurin kan kusa mita guda, sandar ma ba za ta kai ba sai da ƙari. Mafitar da mutane da yawa ke bi ita ce cire mariƙin a haɗa sandar da injin huda mai batir irin na kafintoci. Yana aiki sosai da mai inci 6, amma da sharaɗi: injin ya kasance mai folt 18 ko 20, mai baki rabin inci, mai ƙarfin juyi inci-laba 700 ko fiye, a sa shi a giya ta ɗaya, a kashe masa bugun guduma. Lallai a ɗaura mariƙin gefe, domin lokacin da wuƙa ta riƙe a ƙarshen rami injin ne zai juya, ya murɗe wuyan hannu. Abin haɗin kuma ya zama mai faifan da ya fi ramin faɗi. Bakin injin yakan saki ba ka sani ba, in babu faifan nan sandar ta wuce ƙasan tafki ke nan. Batir yana rasa ƙarfi a sanyi, a ajiye shi a aljihun ciki sai lokacin aiki.

Wani amfanin mahujin da ya fi kamun kifin kansa muhimmanci shi ne awo. Hukumar albarkatun ƙasa ta Minesota tana ba da shawarar kada a taka ƙanƙarar da ba ta kai inci 4 ba, wato santimita 10, kuma wannan na sabuwar ƙanƙara ce garai-garai wadda ake hango ruwa ta cikinta. Farar nan mai kama da madara, wadda ta haɗu da dusar ƙanƙara, ƙarfinta kusan rabi ne, don haka ninka awon ake yi. Kauri ba ya zama ɗaya a duk tafki. Bakin rafi, ƙarƙashin gada, mashigi tsakanin tsibirai, duk inda ruwa ke gudu ƙanƙara ba ta da kauri. Ka huda tun daga gaɓa, ka zura ma'auni ka saƙalo ƙasan ƙanƙarar, ka sake yin haka bayan kowace tazara ta mita 45 ko kusa. Saboda Lazer ba shi da nauyi kuma yana da sauri, mutum ba ya jin ƙyuyar yin wannan. A wuyanka a rataye ƙusoshin nan biyu masu mariƙi da ake cakawa a jawo jiki idan an rufta, a takalmi a ɗaura ƙarafan hana santsi, a jaka kuma igiya. Kada ka fita kai kaɗai a farkon daskarewa.

Sauran kayan da suka dace da ramin inci 6 ba su da yawa. Sandar fatsa gajeriya, inci 24 zuwa 30, don ka zauna dab da ramin. Zaren roba silli ɗaya mai ɗaukar laba 2 zuwa 4 ga ƙananan kifi, 6 zuwa 8 ga walleye. Zare mai kitso yana shan ruwa ya daskare a waje, sai a cikin tanti mai ɗumi yake daɗi. Ƙugiya mai kan tangistin, milimita 3 zuwa 5, ta fi ta dalma saurin nutsewa a girma ɗaya saboda ƙarfen ya fi nauyi, a soka mata tsutsa ɗaya ko biyu. Ga walleye, kifin ƙarya mai ƙugiya irin Jigging Rap na Rapala, ko ƙaramin ƙarfen jawo kifi mai siffar cokali irin Swedish Pimple, da kan ƙaramin kifi a ƙugiyarsa. Minesota da Ontariyo duka sun yarda da zare biyu a kan ƙanƙara a yawancin tafkuna, amma kowane tafki yana iya samun dokarsa, kuma lasisi wajibi ne. Mai kunna hitar gas a tanti ya bar kafar iska a buɗe, hayaƙin da ke kisa ba shi da wari.

Dabarar da mahuji marar nauyi yake ba ka ita ce yawo. Huda ramuka goma zuwa goma sha biyar a jere, daga bakin ciyawar ruwa zuwa inda ƙasa ta gangara, taku goma tsakanin kowane biyu, ka gama su duka kafin ka jefa ƙugiya don ƙarar ta lafa. Sauke ƙugiya har ƙasa, ka ɗan bubbuga laka ta tashi, sannan ka ɗago ta santimita 15 zuwa 30. Girgiza kaɗan, ka tsaya cik na daƙiƙa biyar. A ruwan sanyi kifi ya fi kamawa lokacin tsayawar, kuma sau da yawa ba fizga za ka ji ba, zaren ne kawai zai saki ko bakin sandar ya ɗago. Walleye ya fi ci da asuba da kuma dab da magariba, kusa da ƙasa. Crappie kan tsaya a tsakiyar ruwa yana kallon sama, don haka ƙugiya ta kasance a bisa kansa. Ramin da ya yi minti goma shiru, bar shi ka koma na gaba. Kifin da aka ciro daga zurfin da ya wuce mita 9 yawanci ba ya rayuwa in an mayar da shi, saboda jakar iskar cikinsa ta kumbura, don haka idan ka cika adadin da doka ta ba ka a irin wannan zurfi, ɗauki mahujinka ka koma inda ruwa bai kai haka ba.