Bitar wata cibiyar ba da shawara ga manya masu otizim a Ingila

Cibiyar da zan yi bayani a kanta ƙarama ce, ta intanet kawai take aiki a Ingila, kuma manya kaɗai take karɓa, waɗanda aka tabbatar suna da otizim (wani yanayi na ƙwaƙwalwa da ke shafar yadda mutum ke mu'amala da jama'a da yadda yake jin sauti da haske) da waɗanda ke jiran likitoci su duba su. Ni ma sai da na zama magidanci aka tabbatar mini da wannan yanayi, a lokacin da gajiya ta kai ni ga kasa fita aiki, kuma dalilin da ya sa na neme ta ke nan. Tsarinta ya ginu ne a kan fahimtar cewa Allah bai halicci ƙwaƙwalen mutane iri ɗaya ba, saboda haka aikin mai ba da shawara shi ne ya taimaki mai otizim ya rayu da halittarsa cikin sauƙi. Ana danganta yaɗuwar wannan fahimta da Judy Singer, masaniyar zamantakewa 'yar Ostareliya, wadda ta yi rubutu a kai a ƙarshen shekarun 1990.

Tun kafin zaman farko aka aiko mini da takardar tambayoyi: ko ina son a kunna kyamara ko a kashe, ko na fi sakewa da rubutu fiye da magana, wane irin sauti ko haske ne ke damuna. Kowane zama minti 50 ne, ana aiko da jerin abin da za a tattauna tun da wuri, bayan an tashi kuma a aiko da taƙaitaccen bayani a rubuce. Mai ba ni shawara, wadda ita ma tana da otizim, ba ta cika tambayata yadda nake ji a raina ba, domin da yawanmu yana yi mana wuya mu bambance damuwa da fushi ko yunwa da gajiya. Sai ta tambaye ni yadda barcina yake, ko kafaɗuna sun ɗaure, ko hayaniyar da nake iya jurewa jiya ta gagare ni yau, daga nan mu gano tare abin da ke faruwa.

Wanda ya san inda aka fito ne zai gane darajar wannan. A 1987 Ivar Lovaas na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles ya wallafa bincikensa a kan horar da yara masu otizim na tsawon awa 40 a mako, kuma ma'aunin nasara a wurinsa shi ne yaro ya saje da sauran yara har a kasa bambance shi. Da yawa daga cikin manyan yau, ko ba su shiga irin wannan horo ba, sun horar da kansu haka: haddace maganar da za a faɗa, danne kaɗa ƙafa ko murza yatsu, tilasta wa fuska murmushi daga safe har yamma. Wannan ɓoye kai yana da tsada, kuma a 2020 Dora Raymaker da abokan aikinta a Amurka sun bayyana irin doguwar gajiyar da yake jawowa, wadda kan sa mutum ya kasa yin abin da a da ya iya. Mafi yawan aikinmu a cibiyar a kan haka ya tsaya, wato lissafa abin da ke cinye mini ƙarfi a wuni, da tantance wanda ya zama dole da wanda tsoron idon mutane ne kawai ke sa ni yi.

Mai ba ni shawara ta kuma kawo mini ra'ayin Damian Milton, malamin jami'a ɗan Birtaniya mai otizim, wanda a 2012 ya yi bayanin cewa rashin fahimtar da ke tsakanin mai otizim da wanda ba shi da shi daga ɓangarorin biyu yake zuwa. Ban sha wahalar yarda da wannan ba, domin na ga misalinsa da idona. Sunkuyar da kai a gaban babba ladabi ne da kunya a gidan da na tashi, har yabona ake yi a kai, amma a ofishin Turawa rashin kallon mutum cikin ido sai aka ɗauke shi alamar rashin gaskiya ko rashin kula.

Ta fuskar aiki ma ta amfane ni. Dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata su yi wa mai lalura sauye-sauyen da ba su wuce kima ba, kuma da taimakonta na rubuta buƙata ta neman a riƙa ba ni umarni a rubuce, a kuma mayar da teburina nesa da hayaniya. An amince.

Inda na ga gazawar cibiyar shi ne rashin sanin yadda muke zaman tare. Shawarar farko da aka ba ni don rage gajiya ita ce in daina halartar tarukan da ke wahalar da ni, kuma a wurinta wannan ƙaramin abu ne da mutum zai yanke wa kansa. Sai da na ɗauki lokaci ina bayyana mata cewa suna da ɗaurin aure da zaman makoki hakki ne na zumunci, kuma wanda ya ƙaurace musu a ƙasar baƙunta ya rasa mutanen da za su tsaya masa ranar da tasa ta taso. Haka nan ba ta taɓa jin yadda dangi kan kira irina miskili ko mai girman kai ba, balle yadda wasu kan danganta lamarin da iska ko sammu. A yi mata adalci, ta saurara kuma ta sauya salo, har muka tsara cewa in riƙa zuwa da wuri, in gaisa da manya, in yi addu'a, in tashi kafin a cika, sannan in huta washegari. Ta yi mamaki da na gaya mata cewa doguwar gaisuwarmu sauƙi ce gare ni, tunda kowace tambaya da amsarta sananniya, kuma lokutan salla biyar su ne ke riƙe mini tsarin wuni. Sai dai wani ɓangare na kuɗin da na biya ya tafi ne wajen koyar da ita abin da na so a ce ta zo da saninsa.

Kuɗin kuwa ba kaɗan ba ne, domin zama ɗaya yana iya cinye cefanen mako na ƙaramin gida, kuma daga aljihu ake biya. Cibiyar ba ta yin gwajin tabbatar da otizim, ba ta rubuta magani, ba ta kuma karɓar kiran gaggawa, don haka wanda damuwarsa ta yi tsanani har yana tunanin cutar da kansa likita ya kamata ya fara nema. Da Ingilishi kawai ake zaman, kuma tsarin ya fi dacewa da mai iya bayyana kansa da baki ko da rubutu, yayin da masu otizim da ke buƙatar kulawa dare da rana, da iyayen da ke ɗawainiya da su, ba su da wani tanadi a nan.

Duk da haka ina ba manya irina shawarar su gwada irin wannan hidima, da sharaɗin su yi bincike tukuna. A Birtaniya doka ba ta hana kowa kiran kansa mai ba da shawara ba, kuma kowa na iya rubuta a shafinsa cewa yana mutunta bambancin ƙwaƙwalwa. Ya kamata a duba ko mutumin yana da rajista da HCPC, hukumar da ke sa ido kan wasu rukunin ma'aikatan lafiya, idan ya ce shi masanin halayyar ɗan Adam ne mai duba marasa lafiya, ko da ƙungiyar masu ba da shawara irin BACP, sannan a zaman gwaji a tambaye shi kai tsaye me yake ɗauka a matsayin nasara, da kuma ko ya taɓa aiki da mutanen da dangi da addini ke tsara musu rayuwar yau da kullum.