Sayen gidan haya a ƙauyukan masu kuɗi na gefen Landan: amsa ga yayana

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Ka tambaye ni ko kuɗin filayen da ka sayar za su fi albarka in an sayi gida da su a nan Ingila aka zuba 'yan haya. Na ga gara in amsa a fili, tunda ba kai kaɗai ke wannan tunani ba.

Bari in ɗauki Radlett misali, wani ƙauye a yankin Hertfordshire, arewa da Landan, inda aiki ke yawan kai ni. Da sassafe za ka ga tashar jirgin ƙasa cike da lauyoyi da likitoci da ma'aikatan banki, kowa da kofin kofi a hannu, suna jiran jirgin Thameslink da zai sauke su a tashar St Pancras da ke tsakiyar Landan cikin ƙasa da rabin awa. Da yamma su dawo inda babu hayaniya. A babban titin garin, Watling Street, dillalan gidaje na jera hotuna a bayan gilashi, kowane gida da farashinsa a rubuce, fitila na haska su har dare. Gidan iyali mai ɗaki huɗu da ɗan lambu a baya, da wuya ka same shi ƙasa da fam miliyan 1. Ginin kansa bai kai na wasu gidajen Maitama ko Nasarawa GRA girma ba. Abin da ake saya shi ne jirgin nan, da makarantu masu kyau, da kuma dokar da ta kewaye Landan da gonaki da dazuzzuka ta takaita gini a cikinsu. Gari ba ya faɗaɗa yadda Kano ke cinye ƙauyukan gefenta, masu nema kuma kullum ƙaruwa suke.

Inda suka fi mu nesa ba kusa ba shi ne takarda. Akwai hukumar rajistar filaye ta gwamnati tun 1862. Da fam 7 za ka shiga intanet ka ga sunan mai gida, da ko banki na binsa bashi a kansa. Ba a sayar wa mutum uku fili ɗaya, ba kuma za ka ga an rubuta a jikin katanga cewa gidan nan ba na sayarwa ba ne. Ka san wahalar da ake sha a gida wajen neman C of O da sa hannun gwamna tun dokar filaye ta 1978, shi ma na shekara 99 ne. A nan yawancin gidajen ƙasa mallaka ce ta har abada. Gidajen bene da ake sayarwa sashe-sashe kuwa wa'adi gare su, kuma akwai kuɗin kula da gini duk shekara, sai a duba da kyau.

Amma a ciniki mun fi su mutunci. A wurinmu in mai gida ya ce ya sallama a gaban shaidu, magana ta ƙare. A Ingila, kafin lauyoyi su yi musayar takardun yarjejeniya, mai gida na iya juya maka baya ya karɓi tayin wani, bayan ka biya lauya da mai duba gini. Abin kan ɗauki wata uku ko fiye. Lauyanka kuma sai ya ga asalin kowane kwabo, da takardun banki da shaidar sayar da filayen, kafin ya taɓa kuɗin. La'adar dillali dai mai sayarwa ne ke biya.

Sai haraji, wanda shi ne ya fi damuna da lissafinka. Duk mai sayen gida irin wannan na biyan harajin saye. Wanda yake da wani gida a ko'ina a duniya, har da naka na Kano, ana ƙara masa kashi 5 cikin 100 tun ƙarshen Oktoban 2024. Wanda ba mazaunin Birtaniya ba, ƙarin kashi 2. A gidan fam miliyan 1, jimillar ta kai fam 113,750, kafin ka ga makulli. Kuɗin haya ma ana biyan haraji a kansa, haka ribar da aka samu in an sayar.

Haya kuma wata-wata ake karɓa, babu zancen shekara ɗaya ko biyu a dunƙule kamar a Abuja. Kuɗin ajiya da ɗan haya ke bayarwa saboda ɓarna ba ya wuce hayar mako biyar a yawancin gidaje, kuma ba a aljihunka kawai zai zauna ba, dole a yi masa rajista a wani tsari da gwamnati ta amince da shi. Duk shekara a duba bututun gas, duk shekara biyar a duba wayoyin lantarki. In na'urar ɗumama gida ta mutu a tsakiyar hunturu, gyara na wuyanka, kuma mai gyara a nan kuɗin awa yake caji. Ɗan haya ya daina biya, sai kotu ta fitar da shi, ba a cire masa ƙofa ko kwano. Ni ina ganin adalci ne, domin mu ma 'yan haya ne a ƙasar nan. Sai dai in ka haɗa duka, abin da ke saura kaɗan ne a kan tsadar gidan. Masu neman kuɗin haya zalla sun fi zuwa biranen arewa irin su Liverpool da Bradford, inda gida ke da araha. Radlett da ire-irenta rumbu ne na ajiye dukiya, ba kasuwar juya kuɗi ba. Wanda ya ga yadda naira ta faɗi daga kusan 460 a dala a farkon 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024 ya san wannan ma ba ƙaramin amfani ba ne.

Na san ba za ka taɓa bashi mai ruwa ba. Akwai bankunan Musulunci, kamar Gatehouse, da ke sayen gida tare da mutum, yana biyan hayar kasonsu yana saye a hankali har ya mallake. Su ma sukan nemi ka kawo kaso mai tsoka tun farko.

Maganar gado ce nake roƙonka ka da ka yi wasa da ita. Gidan da ke Ingila, in mutum ya rasu bai bar wasiyya a rubuce ba, dokar Ingila ce ke raba shi, ba rabon shari'a ba. Harajin gado kuma kashi 40 ne a kan abin da ya haura fam 325,000, ko da mamacin bai taɓa zama a nan ba.

Shawarata, in kuɗin da kake juyawa a kasuwa ne, ka bar su a Kwari. In kuwa rarar da ba za ka nema ba nan da shekara goma ce, ka fara tattara takardun filayen da bayanan banki, ni kuma in nemo lauyan da ya saba da masu saye daga waje ku yi magana ta waya. A gaida Hajiya, a ce mata ina nan tafe bayan salla in Allah ya yarda.