Na'urar TENS Don Ciwon Ƙugu: Abin Da Na Gani Cikin Wata Uku

Wata uku ke nan ina amfani da ƙaramar na'urar TENS (mai tura wutar lantarki mara ƙarfi ta cikin fata don rage ciwo) mai fallayen manne huɗu, wadda likitan gashin ƙashi ya ba ni shawarar saye saboda ciwon ƙugu. Na'urar ba ta da wuyar sarrafawa, amma amfaninta ya rataya kacokan a kan inda aka manna fallayen. A makon farko na riƙa liƙa su daidai kan ƙashin baya, dab da juna, sai wutar ta dinga tsikarata kamar allura ba tare da wani sauƙi ba. Da likitan ya gyara mini, ya ɗora biyu a dama biyu a hagu a kan tsoka, suka kewaye wurin ciwon da tazarar aƙalla santimita 2.5 tsakaninsu, tsikarin ya koma motsi mai laushi a ƙarƙashin fata, kuma zaman minti 30 kan rage mini raɗaɗi sosai.

Takardar bayaninta ta yi gargaɗi kada a manna a gaban wuya, ko a kai, ko a fatar da ke da rauni, kuma mai na'urar daidaita bugun zuciya ya nisance ta, wanda ya dace ƙwarai. Inda na'urar ta gaza shi ne fallayen kansu, domin gumi da man shafawa suna kashe mannensu da wuri, musamman a zafin bazara, shi ya sa nake wanke wurin da sabulu in busar kafin in ɗora. Sababbi kuma sai na zaga kyamis uku kafin in samu.