Debian LTS da direban NVIDIA: inda hidimar ta yi ƙoƙari da inda hannunta bai kai ba

Debian LTS (Long Term Support, wato tallafi na dogon lokaci) hidima ce ta ci gaba da toshe kafofin tsaro a tsohuwar fitowar Debian, wani tsarin aikin kwamfuta na Linux, bayan babbar tawagar tsaro ta janye hannu, har fitowar ta cika shekara 5. An fara ta a 2014 da Debian 6, kuma kamfanin Freexian na Faransa ne ke tattara kuɗin masu ɗaukar nauyi yana biyan masu aikin. Mai amfani ba ya biyan ko sisi. A kan manhajojin da ke sashen main, wato na buɗaɗɗun manhajoji, irin su OpenSSL da Apache da kanel (zuciyar tsarin) ɗin Linux, aikinsu ya cancanci yabo. Gardamar tana kan direban katin hoto na NVIDIA, wato manhajar da ke sa katin ya yi aiki: shin su ɗauki nauyinsa, ko su bar shi?

Wannan direba yana sashen non-free ne, saboda NVIDIA ba ta saki asalin rubutunsa ba, haɗaɗɗe take bayar da shi. Idan aka gano ɓaraka a OpenSSL, ma'aikacin LTS zai buɗe rubutun, ya ɗauko gyaran daga sabuwar siga, ya daidaita shi da tsohuwar. A direban NVIDIA babu wannan hanya. Iyakar abin da zai iya shi ne ya jira kamfanin ya fitar da sabuwar lamba a reshe ɗaya, wato jerin sigogin direban iri ɗaya, ya ƙunsa ya tura.

To rassan kuma mutuwa suke yi. Reshen 340 ya tsaya a ƙarshen 2019 da 340.108. Reshen 390 na katunan Fermi (sunan wani tsohon zubin katunan NVIDIA) ya tsaya a ƙarshen 2022 da 390.157. Reshen 470, na ƙarshe da ya san katunan Kepler, zubin da ya biyo bayan Fermi, tallafinsa ya ƙare a Satumba 2024. Yanzu a auna da Debian 11, wadda LTS ɗinta ya kama daga Agusta 2024 zuwa Agusta 2026, kuma 390 da 470 take ɗauke da su. Na farkon ya riga ya mutu tun kafin 'yan LTS su karɓi aikin, na biyun wata ɗaya kacal ya yi a hannunsu. Kusan shekara biyu ke nan mutum zai yi apt upgrade, ya ga komai ya wuce lafiya, alhali akwai manhajar da ke aiki a cikin kanel wadda ba mai iya taɓa ta. Yawancin ɓarakar da NVIDIA ke sanarwa ta mai amfani ne na cikin na'urar, ya kayar da ita ko ya samu ikon da bai kamata ba. Kwamfutar gida ta mutum ɗaya haɗarinta kaɗan ne. Ɗakin kwamfuta na makaranta, inda ɗalibai da yawa ke shiga na'ura ɗaya, lamarinsa daban ne.

Akwai dai wani ɓangare da za su iya gyarawa, kuma a nan ne hidimar take da amfani sosai. Tsakanin rufaffen direban da kanel akwai ɗan rubutu buɗaɗɗe da wata manhaja mai suna DKMS ke sake haɗawa duk lokacin da aka sabunta kanel. Idan wani abu ya sauya a kanel, haɗin ya faɗi, kana sake kunna kwamfuta sai baƙin allo. In haka ta faru, a shiga Advanced options a GRUB, jerin zaɓin da ke fitowa lokacin kunna kwamfuta, a zaɓi tsohon kanel, sannan a buga dkms status. Idan bai nuna installed a gaban sabon kanel ba, a duba make.log a ƙarƙashin /var/lib/dkms. Sau da yawa rashin linux-headers-amd64 ne kawai. Wani lokacin haɗin ya yi daidai amma Secure Boot, tsarin da ke hana loda manhajar da ba ta da sa hannu, ya ƙi loda shi don ba a shigar da makullin sa hannu ta mokutil ba. Saƙon Driver/library version mismatch daga nvidia-smi kuwa ba lalacewa ba ce, tsohon direba ne ke zaune a ƙwaƙwalwa, sake kunnawa ke maganinsa.

A ganinmu LTS ta ɗauki direban muddin NVIDIA na fitar da gyara a reshen, domin ƙin tura gyaran da ke hannu cutar da mutane ne kawai, kuma zai kora su zuwa fayil ɗin .run na shafin kamfanin, wanda ke rubutu a kan fayilolin da apt ke kula da su. Bayan reshe ya mutu, su ci gaba da tabbatar da cewa yana haɗuwa da kanel, tunda su ne ke sabunta kanel ɗin, amma kada a kira wannan tallafin tsaro. A faɗa ɓaro-ɓaro inda mai amfani zai gani. Akwai ƙunshin debian-security-support da umarnin check-support-status don irin wannan sanarwa, ya kamata kowa ya sa shi, sai dai shirunsa a kan wani ƙunshi na non-free ba shaida ba ce cewa ana kula da shi. Wannan rashin fitowa fili shi ne babban aibin da muka ga hidimar na da shi.

Maganar ta shafi masu sayen kwamfutocin tokumbo a kasuwanninmu, don irin waɗannan katunan ne suka cika su. Kafin a zaɓi direba, a buga lspci -nn da nvidia-detect, kada a dogara da sunan da ke jikin kwali. GeForce GT 730 misali ce: wasu GF108 ne a ciki, wato Fermi, wasu GK208, wato Kepler. Mai Fermi ba zai samu 390 a Debian 12 ba sam, sai buɗaɗɗen direban nouveau, wanda ya isa aikin ofis da lilo a intanet amma babu CUDA, fasahar NVIDIA ta yin manyan lissafi da katin hoto. Katunan zubin Turing da waɗanda suka biyo bayansa suna da buɗaɗɗen ɓangaren kanel da NVIDIA ta fara saki a Mayu 2022, ko da yake sauran direban a rufe yake. Mai ThinkPad T420 mai ɗauke da NVS 4200M kuwa, ya shiga BIOS ya zaɓi Integrated Graphics ya koma kan Intel, wanda direbansa ke cikin kanel kuma LTS ke gyara shi tare da sauran.