Octreoscan ko PET na galiyom? Mu dai duka biyun mun yi

'Yar uwa sannu, Allah ya ba Mama lafiya ya sa kaffara ne. Tunda likita ya ce ƙarin nata NET ne, wato niyuro'endokirin, ƙarin da ke tasowa daga ƙwayoyin jiki masu fitar da sinadaran hormone, kuma ya ce ku zaɓa tsakanin hotuna biyu na gano inda ƙarin yake a jiki, Octreoscan da PET na galiyom 68, ni kam ki tafi na galiyom kai tsaye, kar ki tsaya ɓata kuɗi. Duka biyun mun yi su a kan maigidana.

Shi kusan shekara biyu yana fama da gudawa, sai ki ga fuskarsa ta ɗau zafi ta yi ja haka kawai yana zaune, yau a ce olsa gobe a ce taifot, har aka yi CT aka ga tabo-tabo a hanta amma an rasa inda abin ya samo asali. A nan aka tura mu Octreoscan. Ba zan ce ba ya aiki ba, tun 1994 ake amfani da shi a Amurka kuma inda babu PET ya fi babu, amma wallahi kwana biyu muka yi muna zirga-zirga, a yi allura a ɗau hoto bayan awa 4, gobe a dawo a sake, ƙarshe hoton dishi-dishi, na hantar da muka riga muka sani kawai ya nuna.

Na galiyom a Indiya muka yi shi, kuma har yau ina tuna ranar. Aka yi masa allura a hannu, aka ce ya zauna kamar awa ɗaya yana shan ruwa, ya shiga na'ura bai kai rabin awa ba ya fito, kafin azahar mun koma masauki. Washegari likita ya juyo mana da kwamfuta ya sa bakin biro a kan wani ɗan ɗigo mai haske a ƙaramin hanji, bai fi ƙwayar gyaɗa ba, ya ce ga uwar ciwon nan, ga kuma kaluluwa biyu kusa da shi su ma sun kama. Hawaye kawai na ji suna zubo min, don ranar ce muka fara sanin da me muke yaƙi, kuma da wannan hoton aka tsara tiyatarsa.

Dukansu dabara ɗaya ce fa. Yawancin irin wannan ƙari yana da wasu 'yan maƙalai a jikin ƙwayoyinsa masu kama sinadarin somatostatin, sai a haɗa magani mai kama da shi da wani abu mai fitar da haske a zuba a jini, ya je ya manne a ƙarin. Bambancin shi ne DOTATATE, wato maganin mai kama da somatostatin da ake haɗawa da galiyom, ya fi mannewa, na'urar PET ta fi ganin ƙananan abu, kuma tururin radiyeshon da jiki ke sha bai kai na Octreoscan ba. A 2016 aka amince da shi a Amurka. Matsalarsa ɗaya, duk minti 68 ƙarfinsa yana raguwa da rabi, dole a haɗa shi kusa da na'urar, shi ya sa ba duk mai PET ke da shi ba.

To nan ne zan ja kunnenki ko da ba ki tambaya ba. Akwai dillalan kai marasa lafiya waje da za su ce miki ai PET duk PET ne, su karɓi kuɗi su kai ku a yi na FDG, mai sukari, wanda ake yi wa sauran ciwon daji. NET mai girma a hankali sau da yawa ba ya fitowa a wannan, sai a ce muku babu komai alhali yana nan. Kafin ki biya ko sisi ki sa asibitin da kansu su rubuto miki sunan allurar, ki ga galiyom 68 da DOTATATE ko DOTATOC ko DOTANOC da idonki.

Amma ki duba takardar gwajin naman Mama, akwai lamba da ake cewa Ki-67, mai nuna saurin girman ƙarin. Ƙasa da kashi 3 mataki na ɗaya ne, 3 zuwa 20 na biyu, in ya haura 20 to mai sauri ne, a nan FDG ɗin yana da amfani, likita ma yana iya cewa a yi biyun. Kuma PET ba ya hana a yi MRI, don a hanta MRI ya fi ƙirga ƙananan tabo. Wani amfanin kuma, in ƙarin ya haska sosai a na galiyom, shi ke nuna ko za ta dace da maganin lutetiyom 177, mai manne wa ƙarin ya kashe shi da tururin radiyeshon, nan gaba.

In an riga an fara mata allurar octreotide ta wata-wata ki faɗa musu ranar da aka yi ta ƙarshe, yawanci dab da ta gaba suke sa ranar hoton. Ku tafi da faifan CT ɗin ba takardar sakamako kaɗai ba, da gilashin gwajin naman, mu sai da aka aiko mana da namu daga gida muka yi sati guda muna jira.