Sharhi kan Gyaran Ƙafar Corolla da Sauya Tayoyinta Bayan Wata Takwas a Hanyar Gombe zuwa Bauchi

Motata Toyota Corolla ce ƙirar 2010, 'yar Kwatano, kuma aiki yana kai ni Bauchi daga Gombe kusan duk bayan mako biyu, tafiyar kilomita 150 da ɗoriya ta Bara da Alkaleri da gadar Dindima. A bara ne motar ta fara yi mini halin da ban san ta da shi ba. Idan ta faɗa rami sai ta yi ta lilo sau uku ko huɗu kafin ta natsu, idan na taka birki da ƙarfi sai gabanta ya durƙusa, idan kuwa tirela ta gifta ni da gudu sai in ji sitiyarin ya yi sakwa-sakwa a hannuna har sai na riƙe shi da hannu biyu.

Kuskuren da na fara yi shi ne na ɗora laifin a kan tayoyi, domin na ga samari a unguwar Jekadafari ta Gombe suna yawo da manyan wili masu ƙyalli, na kuma yarda da zancen da ake yi cewa faffaɗar taya ita ce ke riƙe kwalta. Na cire wilin da motar ta zo da shi mai inci 15, wanda tayarsa ke ɗauke da lamba 195/65R15, na saka mai inci 17 da taya 215/45R17. Lambar farko faɗin taya ne a milimita, ta biyu kuma tsayin gefenta ne a kason wannan faɗin, wato gefen tsohuwar tayar ya kai kusan milimita 127, na sabuwar kuwa bai wuce 97 ba. Waɗannan milimita 30 da na zubar su ne katifar da ke tsakanin ƙarfen wili da bakin rami, kuma ban fahimci haka ba sai ranar da na afka wani rami gab da Alkaleri da magariba, gefen tayar gaba ya kumbura kamar ƙwan agwagwa, bakin wilin ma ya lanƙwashe. Gaskiya ne cewa motar ta ƙara saurin amsa sitiyari a kwalta mai santsi, amma lilon da ya kai ni ga sayen wilin yana nan yadda na bar shi, sai ma ƙarar kwankwatsa da ta ƙaru a kai.

Bakaniken da na kai wa motar, dattijo ne da ya daɗe a sana'ar, bai ko buɗe bonet ba. Ya danna kusurwar motar da ƙarfinsa ya sake, muka tsaya muna kallon ta tana sama da ƙasa, sannan ya leƙa ƙarƙashi ya nuna mini mai ya jiƙa jikin shokar gaba ta dama. Ya ce: "Malam, ƙafar motar ce ta mutu, kai kuma ka je ka saya mata takalmi." Ban sami abin cewa ba.

Shoka huɗu na saya sababbi, samfurin KYB Excel-G, maimakon 'yan Beljiyam da aka yi mini tayi a ƙasa da rabin kuɗin, domin shokar gwanjo ba a sanin nisan da ta ci kafin ta iso hannun mai saye. Aikin shoka ba ɗaukar nauyin mota ba ne, wannan aikin sifirin ne. Nata shi ne ta kashe lilon sifirin ta hanyar tura mai ta ƙananan kafofi, don taya ta zauna a ƙasa maimakon ta riƙa tsalle. Irin wadda na saya tana da iskar naitirojin a ciki, wadda ke hana man yin kumfa idan ya yi zafi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai bin hanya mai ramuka a watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafin Gombe ke kusantar digiri 40. Bakaniken ya dage a sauya bibbiyu, dama da hagu tare, sannan ya haɗa da bushin hannun ƙasa da ƙananan sandunan da ke riƙe da ƙarfen hana karkata, waɗanda robarsu ta tsattsage. A ganina waɗannan 'yan robobin, da su ne mafi araha a duk aikin, su suka kawar da rabin wasan da sitiyarin ke yi.

Wili kuwa na sauko zuwa inci 16 da taya 205/55R16, girman da kamfanin da kansa yake saka wa wasu nau'o'in wannan ƙirar. Tsayin tayar gaba ɗaya kusan milimita 632 ne, na asalin kuma 635, saboda haka mitar gudu ba ta yi mini ƙarya. Kafin in biya na duba lambobi huɗu na ƙarshe da ke bayan haruffan DOT a gefen kowace taya, waɗanda biyun farkonsu mako ne, biyun ƙarshe kuma shekarar da aka ƙera ta, domin akwai tayar da za a gani da zanenta cif alhali ta shekara shida a ajiye. An yi balansin da alaimen, wato daidaita nauyin tayoyi da saita tsayuwar ƙafafu, a rana ɗaya, kuma ya kamata mai irin wannan motar ya san cewa bayanta ƙarfe ɗaya ne ya haɗa ƙafafun biyu, babu wurin saiti a can, don haka saitin na gaba ne.

Akwai shawara biyu da na ƙi. Wani ya ce in saka gajeren sifirin motar ta sauko ƙasa, alhali tsakanin cikinta da ƙasa kusan santimita 15 ne kawai, kuma ko a haka tana gogar tudun rage gudu idan na ɗauki iyali. Wani kuma ya ce in ɗaga ta da roba a kan sifirin kamar yadda direbobin haya ke yi, wanda ke tserar da ciki daga duwatsu amma ya ƙara mata karkata a kwana.

Bayan wata takwas, da damina guda a ciki, motar tana natsuwa a tashi ɗaya bayan rami, gabanta ya daina durƙusawa, kuma a kwanonin hanyar Billiri zuwa Kaltungo, inda a da nake rage gudu saboda fargaba, yanzu tana bin layinta ba tare da na yi ta gyara sitiyari ba. Abin da na rasa shi ne laushi, domin taya mai inci 16 tana sanar da mai zama duk wata tsaga da ke kwalta, har mai ɗakina ta yi ƙorafi a tafiyarmu ta farko. Shan man fetur ma ya ɗan ƙaru, kodayake ba yadda zai dame ni ba. Da zan sake aikin daga farko, da shoka da bushin zan fara, in bar wilin inci 15 har sai tayoyinsa sun ƙare.

Rigimar da ta rage mini da masu faci ce, waɗanda ke dura iska har ma'auninta ya kai 45 ko 50 idan ba a tsaya a kansu ba, suna cewa hakan ne ke sa taya ta daɗe. Taya mai iska fiye da kima tsakiyarta kawai ke taɓa ƙasa, sai ta cinye a nan, riƙon kwalta ya ragu, shokar da aka kashe wa kuɗi kuma ta riƙa shan dukan da ba nata ba. Na sayi ƙaramin geji na ajiye a mota, ina auna tayoyin da sassafe kafin su ɗau zafi, ina tsayar da su a 32.